Gidan Zanzaro a Cikin Sabon Keke

Inna lillahi wa inna ilaihi raji'un. Kawuna, wan mahaifiyata, mai gyaran keke a bakin hanyar tashar jirgin ƙasa ta Kafanchan, ya rasu wata Talata a tsakiyar damina, aka kai shi makwancinsa kafin la'asar. Ni ban samu jana'iza ba. Saƙo ya iske ni a makarantar ƙauyen da nake koyarwa, can ta wajen Gidan Waya, kafin in samu motar da za ta shigo da ni gari har an dawo daga maƙabarta. Ina rubuta wannan ne don kada a manta da shi, amma gara in faɗi gaskiya tun a nan, kada a ɗauke ni a matsayin da ban kai ba. Ranar da Kawu ya cika, shekara bakwai ke nan rabona da zama a rumfarsa, kuma maganar da ke shiga tsakaninmu ba ta wuce "ina kwana" ba. Na zauna a tabarmar makoki da tambaya ɗaya tana cin raina: ko ya tafi yana fushi da ni?

Abin da na fara gani a ƙofar gidan kekuna ne. An jingine wasu a jikin katanga, an jingine wasu a jikin wasu, har mai wucewa sai ya karkace. Masu su na zaune a tabarmi, 'yan citta da tsofaffin ma'aikatan jirgi da malaman makaranta da masu kawo doya daga ƙauye. Rabinsu ban san su ba, amma duk wanda ya buɗe baki sai ka ji yana da labarinsa da mamacin.

Wani tsohon mai bishara ya tako keke tun daga wajen Samaru Kataf, ƙafar wandonsa duk taɓo. Ya cire hula ya durƙusa gaban dattawa.

"Sannu ku da haƙuri, sannu ku. Ni tun da na fara aikin Ubangiji a ƙauye, shi ne yana riƙe mini keke. Ban taɓa makara sujada a coci don keke ba, ko sau ɗaya. Mutumin nan, kunne nashi ba irin namu ba ne. Ubangiji ya ba shi hutu."

Dattawa suka amsa da amin, aka matsa masa ya zauna.

Sai ga Mama mai ƙosai, wadda kaskonta ke dab da rumfar Kawu fiye da shekara ashirin. Ita ba ta tsaya durƙuso ba, daga bakin zaure ta fara, da muryar nan tata da ake ji har cikin tasha.

"Yanzu waye zai hana ni magana? Kullum, Mama yi shiru, keke yana magana. Ni da shi faɗa safe, faɗa yamma. Yau na yi shiru tun safe, babu wanda ya ce mini an gode."

Ta ja bakin zane ta rufe fuska, mata suka shige da ita ciki.

Can wani tsohon direban jirgi ya tuno ranar da wani attajiri mai ƙiba ya kawo ƙarar sirdin kekensa, wai kuka yake in ya hau. Kawu ya dubi sirdin, ya dubi mai shi, ya ce, "Alhaji, ba lalacewa ya yi ba, neman agaji yake." Wurin ya ɗauki dariya, sannan kowa ya tuna inda yake, aka koma Allah ya jiƙansa. Ni ban yi dariya ba. Na san bakin Kawu fiye da duk wanda ke wurin, don a kaina ya taɓa sauka.

Kafin ya zama mai gyaran keke, Kawu lebura ne a tashar jirgi. Aikinsa shi ne in jirgi ya tsaya ya bi ƙafafun taragu ɗaya bayan ɗaya da 'yar guduma mai doguwar ƙota, yana bugawa yana saurare. Ƙafa mai lafiya amonta daban, wadda ta tsage amonta daban. Ya daɗe yana wannan, da ya bar aikin kuma ya fito da kunnen.

Gajere ne mai faɗin kafaɗa, goro a kumatu kullum, hularsa ta koma launin giris. A rumfarsa ba a kunna rediyo. In ka kawo keke ba ya tambayarka abin da ke damunsa, in ka ja bayani ma sai ya ɗaga maka hannu. Zai kama kan keken da sirdi, ya ɗaga shi kamar taƙi ɗaya daga ƙasa, ya sake shi ya dira a kan tayoyinsa, sau biyu ko uku. Daga nan sai ya miƙa hannu ya ɗauko sifana, ya nufi inda ciwon yake kai tsaye. Yakan ce masu keke duk maƙaryata ne ba da niyya ba, mutum zai rantse maka ƙarar daga gaba take, alhali tana ƙarƙashin mazauninsa. Famfonsa kuwa a wajen rumfa yake ɗaure da doguwar sarƙa, ko ya tafi masallaci ko ya tashi gida, mai buƙata ya ba tayarsa iska ya wuce.

Bayan hargitsin addini da ya auku a garin a 1987, mutane da yawa sun daina tsayawa wurinsa, kowa ya koma wurin nasa. Kawu bai yi wa kowa wa'azi ba. Sai dai ya riƙa fitowa bakin titi, in wani tsohon mai zuwa wurinsa ya zo wucewa yana kau da kai, ya ɗaga murya: "Malam, sarƙarka ta bushe!" Ko kuma, "Baba, fedar hagu za ta bar ka a hanya!" Wani kunya ta dawo da shi, wani dariya, wani kuma sai da fedar ta bar shi a hanyar. Kafin shekara ta zagayo bencinsa ya sake cika.

Ni kuwa uba ne a wurina. Mahaifina ya rasu ina ƙarami, Kawu ne ya tsaya tsayin daka har na gama kwalejin horon malamai. Shi ya sa abin da zan faɗa ya fi muni.

Shekarata ta farko a aiki na ga wata yarinya, 'yar wani ɗan kasuwar citta da ke zaune ta hanyar Samaru Kataf. Mun fahimci juna, mahaifiyata ta sani, aka ce dattawa za su je bayan an gama tonon citta. Ba a kai ga gaya wa Kawu ba, don neman aure a wurinmu aikin dangin uba ne, ni ma kuma na fi so sai magana ta nuna. Rannan yarinyar ta ce mini, a cikin hira kawai, keken babanta ya tsufa, kullum yana hanya yana gyara. Ba ta roƙe ni komai ba. Ni ne dai kaina ya kumbura, sabon malami mai biro uku a aljihu, na ce sai na nuna wa gidan nan irin surukin da za su samu.

Sabon keke a shekarun nan ya fi ƙarfin albashina nesa ba kusa ba. Sai na tafi Zonkwa, inda ba a san ni ba, wurin wani mai walda. A bayan shagonsa, cikin tarkace, muka zaro wani tsohon firam, wato ƙashin keken, bututan ƙarfen nan da komai ke ɗaure a jikinsu. Ya goge shi, ya fesa masa baƙin fenti, ya ja masa layin ruwan gwal, ya manna tambari. Muka sa sababbin tayoyi da sabon sirdi da sabuwar ƙararrawa. Ni da hannuna na naɗe bututan da takarda yadda na ga ana yi wa na kanti. Na aika da shi da saƙon cewa sabo ne dal, daga Kaduna na sa aka kawo. Na san sarai dalilin da ya sa ban kai aikin nan wurin Kawu ba.

Mako uku bayan haka, wata Asabar da hantsi, ina zaune a bencin Kawu ina cin ƙosan Mama, sai na hango mahaifin yarinyar ya nufo rumfar yana tura keken. Na sauka daga benci na durƙusa na gaishe shi, kaina a ƙasa. Ya amsa a taƙaice, bai dube ni ba. Haka al'ada take, mai neman aure ba ya haɗa ido da uban yarinya, ba ya sa baki a maganarsa, shi ma uban ba ya kama sunan yaron, ba ya nuna wa jama'a ya san shi. Kawu ya ɗauka gaisuwar da ake yi wa kowane dattijo ce. Da na tashi na bar wurin ma, da an ce kunya ce, amma ban tafi ba. Na koma ƙarshen benci na raɓe.

"An ce mini kai ne mai kunne a garin nan," in ji dattijon. "Sabon keke ne, amma wani abu na kacar-kacar a jikinsa. Masu gyara biyu sun ɗaure duk wani noti, bai daina ba."

"Mama, yi shiru," in ji Kawu.

Ya ɗaga keken ya sake. Kacar. Ya ƙara. Ya kama ƙararrawa ya riƙe gam da tafin hannu ya girgiza keken, ƙarar na nan. Ya riƙe murfin sarƙa, ya riƙe kariyar ɗora kaya ta baya, ya bi wayoyin taya ɗaya ɗaya da yatsa. Duk abin da ya riƙe, ƙarar ba ta fasa ba.

"Ba a waje take ba," ya ce. "A ciki take."

Ya cire tayoyin ya ajiye gefe, ya ɗauki firam ɗin da hannu biyu, ya kara kunne, ya karkata shi gaba a hankali. Duk muka ji wani abu ya gangara, ya yi tafiya mai ɗan tsawo, ya tsaya. Ya karkata shi baya, abin ya dawo. Ya yi ta yi yana matsar da kunne daga wannan bututu zuwa wancan, har ya tsaya a kan babban, wanda ya taso daga wuyan keke ya sauka gidan feda.

"Ga ɗakinsa nan. Saura mu san ko wane ne." Ya fara jin daɗin aikin, na san alamar. "In ƙwayar boris ce, 'yar ƙwallon ƙarfen nan, mirginawa take sumul ta buga a ƙarshe. In ɗigon walda ne, tsalle yake. Wannan jan ciki yake, kuma akwai 'yan rakiya a bayansa, kamar yashi."

Ya ɗauko mayen ƙarfen da ya ciro daga wata tsohuwar rediyo, ya manna a jikin bututun, ya ja shi a hankali daga sama zuwa ƙasa, ya sake karkatawa. 'Yan rakiyar suka yi shiru, sun maƙale. Babban ya gangara abinsa.

"Af. Ba ƙarfe ba ne." Kawu ya tura hula ƙeya. "To me ya kai abin da ba ƙarfe ba cikin sabon keke?"

A nan ne ya kamata in yi tari, ko in ja shi gefe in ce mahaifiyata na nemansa. Na yi shekaru ina jero abubuwan da ya kamata in yi a wannan minti ɗin. Abin da na yi shi ne na zuba wa ƙosan da ke hannuna ido, mai yana bin yatsuna.

Ya kwance feda biyu, ya zare ƙarfen da ke ratsa gidan fedar, ya tara ƙwayoyin boris a murfin gwangwani. Ramin da bututun ya buɗe a cikin gidan feda ya bayyana. Ya shimfiɗa tsumma a ƙasa, ya tsai da firam ɗin a kai, ya bubbuga shi da ƙotar guduma. Jan gari ya fara zubowa, sai ɓawon tsatsa kamar farce, sai wani abu ya leƙo ya toshe ramin. Da wayar taya da ya lanƙwasa bakinta ya lallaɓo shi har ya faɗo a tafinsa. Curin busasshiyar laka ne, kamar kan babban yatsa, da 'yan ramuka a jikinsa.

Kawu ya juya shi, ya kai shi kusa da ido. Sai ya fashe da dariya, irin dariyar nan tasa da ke sa shi riƙe ciki.

"Gidan zanzaro! Mama, zo ki ga sabon keke mai gidan zanzaro! Malam, wannan ƙarfen ya yi damina da damina a kwance a bola bakinsa a buɗe, har zanzaro ya yi gini, ya yi 'ya'ya, ya aurar da su. Sabo? Firam ɗin nan ya girme ni."

Mama ta zo, masu jiran gyara suka taso, curin laka ya yi ta yawo daga hannu zuwa hannu ana dariya. Kawu ya sa wuƙa ya kankare fentin ƙasan bututun. Kore ya fito a ƙarƙashin baƙin, a ƙarƙashin koren kuma tsatsa. Ya danna wurin da babban yatsa, ƙarfen ya lotsa. Nan take dariyar ta bar fuskarsa.

"Me kake ɗorawa a kai?"

"Citta. Buhu ɗaya, wani lokaci biyu."

"Kada ka ƙara. Ko kai kaɗai kada ka hau shi a gangara. Ranar da zai karye ba zai yi sallama ba. Wanda ya sayar maka da wannan ba ya tsoron Allah."

"Ba saya na yi ba," in ji dattijon. "Wani yaro ne ya aiko mini kyauta."

"To yaron nan ba ya ƙaunar wuyanka."

Dattijon ya ce a mayar da keken yadda yake. Kawu ya busa bututun, ya ɗiga masa baƙin mai, ya mayar da boris da feda da tayoyi, ya ɗaga ya sake. Tsit, ko motsi. Dattijon ya yi godiya, ya kama keken ya turo shi har ƙarshen bencin, ya jingine shi a hankali dab da gwiwata, ba tare da ya dube ni ba. Ya kaɗe hannunsa, ya bi hanyar tashar mota da ƙafa.

Kawu ya bi shi da kallo, ya dubi keken, ya dube ni. Ban taɓa ganin fuskar mutum ta sauya haka ba. Ya jira sai da mutane suka watse.

"Kai ne yaron?"

Na kau da kai.

"Me ya hana ka tari? Ko tari?"

Da ina da hankali da na sunkuyar da kai. Amma kunyar ta juye mini ta zama fushi. Na miƙe na gaya masa maganganun da har yau nake nadamarsu. Na ce bakinsa ya fi hannunsa aiki. Na ce ya mai da ni abin dariyar masu ƙosai. Na ce don ba shi ya haife ni ba shi ya sa bai damu ba. Wannan ta ƙarshen ita ce ta same shi, na gani a idonsa, kuma don ta same shi na faɗe ta.

"Ka gama?" ya ce. "To ji. Ko da ka yi tarin, sai na gaya masa kada ya ɗora kaya. Ba zan bar mutum ya karya wuya don aurenka ba."

Na tafi na bar keken a wurin.

Ba a yi wata doguwar magana ba. Kafin mako ya cika aka aiko wa mahaifiyata cewa kada dattawa su wahalar da kansu. Wai uban ya ce da tsohon keke aka kawo masa aka ce tsoho ne, da ya karɓa da hannu biyu. Yarinyar ta aiko mini da 'yar wasiƙa, layi biyu, ita ba ta taɓa neman keke ba. Bayan shekara ta auri wani malamin gona. Labarin gidan zanzaro kuwa ya zaga gari, amma ba suna a ciki, don waɗanda suka ga inda aka jingine keken Kawu ya bi su ɗaya ɗaya ya ja musu kunne. Wannan sai daga baya na sani, kuma sanin bai mayar da ni rumfar ba.

Na sauya hanya. Daga tashar mota zuwa gidanmu ta gaban rumfarsa ne kusa, ni kuwa na riƙa zagayawa ta bayan kasuwa, da rana da ruwa. Da Salla nakan je gidansa lokacin da na san ba ya nan, in gaida matarsa, wadda muke kira Iya, in fito. Mahaifiyata ta yi faɗa, ta yi kuka, ta yi lallashi. Nakan ce mata ai ba gaba nake ba, muna gaisawa. Gaskiya ne muna gaisawa, irin gaisuwar da ake yi wa wanda aka haɗu da shi a layin asibiti.

Da na yi aure, shekara uku bayan haka, ya zo ɗaurin auren da babbar rigarsa ɗaya tilo, ya zauna a sahun baya. Ana shafa fatiha ya ratso jama'a ya kama hannuna da hannu biyu. Ya buɗe baki zai yi magana, wani abokina ya ja rigata, na bi abokin da saurin da ba a buƙata.

Sau ɗaya na kuskura na bi ta gaban rumfar a kan kekena, ina sauri. Na wuce ke nan na ji muryarsa a bayana: "Malam, birkin baya! Robar ta cinye!" Tun ina goye da sunana yake kirana, amma ranar Malam ya ce, kamar kowane mai wucewa, don ya ba ni damar tsayawa ba tare da an ce na sauko ba. Ban waiwaya ba. Washegari na kai keken wurin wani, ya duba ya ce robar ta cinye.

Abin da ya fi ba ni haushin kaina shi ne tun a shekara ta biyu na san shi ke da gaskiya. Ba fushi ne ya riƙe ni sauran shekarun ba, nauyin komawa ne. Kowace Salla nakan ce wannan karon zan je in durƙusa, kowace Salla sai in ga abin ya ƙara nisa. Ina hango shi daga nesa yana tsufa. Babura sun cika gari, samari sun bar keke, bencinsa ya koma na tsofaffi. An ce ya ƙi koyon gyaran babur, wai inji mai ihu ba ya bari a ji abin da ke damunsa. A ƙarshe na yanke cewa in an yi hutun damina zan je, ko me zai faru. Zazzaɓin da ya ɗauke shi kwana huɗu ya yi, saura mako biyu a yi hutun.

Ranar sadakar uku, bayan an yi addu'a jama'a sun fara raguwa, mahaifiyata ta leƙo zaure ta ce Iya na kirana. Na same ta a ɗakinta a kan tabarma, ta shiga takaba, carbi a hannu, idanu sun kumbura. Na durƙusa daga bakin ƙofa na yi mata gaisuwa. Kwana uku ina shirya abin da zan ce mata, amma ta riga ni.

"Kawunka ya bar mini amana, ina so in sauke. Ranar Litinin da hantsi, da ya ɗan samu sauƙi, ya ce in ka zo in roƙe ka ka yafe masa."

"Iya, ni? Ni zan yafe masa?"

"Ya ce maganar da ya gaya wa mutumin nan, ko yau aka dawo sai ya sake faɗa. Amma dariyar, da kiran mutane da ya yi su zo su gani, ya ce wannan ba gyara ba ne, son a yaba masa ne. Ya ce ko ba kai ba ne, ai ɗan wani ne, bai kamata ba. Tun daga ranar, in ya ciro abu a cikin keke, a tafinsa yake rufewa ya nuna wa mai shi shi kaɗai."

Na kasa ɗaga kai. Hawaye na ɗiga a kan dabenta ina kallo.

"Ka faɗa in ji da kunnena," ta ce. "Ni aka ɗora wa saƙon nan."

Na faɗa. Na ce na yafe masa duniya da lahira. Ban taɓa furta maganar da ta yi mini nauyi a baki kamar wannan ba, ni da na zo roƙo aka sa ni bayarwa. Ta ce alhamdu lillahi, ta shafa fuskarta. Sannan na yi tambayar da ta hana ni sakat tun ranar da na iso.

"Iya, ni fa? Maganganun da na gaya masa, da shekarun nan duka. Ya ce ya yafe mini?"

Ta dube ni, da alama tana laluben abin da za ta ba ni.

"Wallahi ba zan yi maka ƙarya ba, bai ce ba. Ni ban taɓa jin ya ce ka yi masa wani abu ba."

Allah ya jiƙan Kawu, ya haskaka kabarinsa, ya yafe masa abin da ya roƙa a yafe masa da wanda bai sani ba. Wanda duk ya karanta wannan ya yi masa addu'a, in ya gama ya sa ni a ciki, don wanda zan durƙusa wa ya riga ya tafi.